Rage wahalar ido a na'urorin VR

Rage wahalar ido a na'urorin VR fanni ne na bincike da ƙere-ƙere da ke neman hanyoyin magance gajiyar ido, ciwon kai, jiri da tashin zuciya da mutane da yawa ke ji idan sun ɗaura na'urar kallon duniyar kama-da-wane a fuska. Na'urar, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta VR, tana kama da babban tabarau da ke rufe idanu ruf. A cikinta akwai ƙaramin allo ɗaya ko biyu, da ruwan tabarau a gaban kowane ido, da wasu ƙananan na'urori masu bibiyar motsin kai. Kowane ido yana ganin hoton da ya ɗan bambanta da na ɗan'uwansa, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ba mutum jin cewa yana tsaye a cikin wurin da yake kallo. Ana amfani da ita wajen wasanni, koyar da matuƙa jirgi da likitoci, zanen gine-gine da kallon fina-finai.

Tushen yawancin matsalolin ɗaya ne: na'urar tana faɗa wa ido wani abu, sauran jiki kuma yana faɗin wani abu dabam. Daga shekarar 2013 zuwa yau an shawo kan wasu daga cikin waɗannan saɓani, kamar jinkirin hoto da jirwayensa. Wanda ya shafi yadda ido ke saita kansa ga abu na kusa da na nesa shi ne har yanzu bai samu maganin da ya shiga kasuwa sosai ba.

Tarihi

Dabarar nuna wa kowane ido hotonsa ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masanin kimiyya na Ingila Charles Wheatstone ya bayyana ta a 1838 da wata na'ura mai madubai biyu. A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa na'urar ɗaurawa a kai da ke nuna zanen kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka, kuma sai da aka rataye wani ɓangarenta a rufin ɗaki. A 1995 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Virtual Boy, wadda ke nuna hoto da jan launi kaɗai a kan baƙi. Ƙorafin ciwon kai da ciwon ido ya bi ta, har kamfanin ya sa mata tsarin dakatar da wasa lokaci-lokaci don a huta, kuma a 1996 aka daina yin ta.

Fannin ya sake farfaɗowa a 2012 lokacin da Palmer Luckey ya nemi gudummawar jama'a a shafin Kickstarter don ƙera Oculus Rift. Samfurin farko da ya isa hannun masu rubuta manhaja a 2013 ya burge mutane, amma ya yi suna wajen tayar da zuciya. Facebook ya sayi kamfanin Oculus a 2014 a kan kimanin dala biliyan 2. Daga nan kamfanoni irin su Valve, HTC, Sony, daga baya kuma Apple, suka zuba kuɗi mai yawa a binciken lafiyar kallo, domin na'urar da mutum ba zai iya jure ta fiye da minti goma ba babu mai saya.

Alamomi da yadda ake auna su

Alamomin sun kasu gida biyu. Akwai na ido kai tsaye: nauyin ido, zafi ko bushewa, gani dishi-dishi, gani biyu-biyu da ciwon goshi. Akwai kuma na jiki gaba ɗaya: jiri, gumi, tsinkewar yawu, tashin zuciya, wani lokaci har amai. Ma'aunin da masu bincike suka fi amfani da shi wata takardar tambayoyi ce da Robert Kennedy da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, bisa bayanan matuƙa jiragen sojan ruwan Amurka da ke atisaye a na'urorin kwaikwayon tuƙi. Tana da alamomi 16, ana raba makinsu zuwa tashin zuciya, wahalar ido da ruɗewar jiki. Mutane sun bambanta ƙwarai a wannan: wani zai yi awa biyu bai ji komai ba, wani minti biyar ya ishe shi. Masu fama da jirin mota da masu ciwon ɓarin kai sun fi saurin kamuwa.

Saɓanin karkatar ido da saitin gani

Idan mutum ya kalli abu, idanunsa suna yin aiki biyu a lokaci guda ba tare da ya sani ba. Na farko, idanun biyu suna karkatowa ciki su haɗu a kan abin. Idan abin yana kusa karkatar ta yi yawa, kamar yadda ake gani idan yaro ya kawo yatsa kusa da hancinsa. Na biyu, wata tsoka da ke kewaye da ruwan tabarau na cikin ido tana sa shi ya ƙara kauri ko ya baje, domin hoton ya fito tar a tantanin bayan ido. Wannan shi ne saitin gani. Ayyukan biyu a ɗaure suke da juna tun daga jarirantaka, motsin ɗaya yana jan ɗayan. Mutumin da ke tsaye a bakin madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, yana hangen kwale-kwalen masunta can nesa, idanunsa suna kusan miƙe kuma tsokar a sake take. Da zarar ya dubi agogon hannunsa, idanun su karkato, tsokar ta ɗaure, duk a cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

A cikin na'urar VR wannan haɗin yana tsinkewa. Allon yana da tazarar santimita kaɗan daga ido, nisan da ido ba zai iya gani da kyau ba, shi ya sa ake sa ruwan tabarau da ke mayar da hoton kamar yana nisan mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan nisan ba ya canzawa. Ko an nuna wa mai kallo dutse a nisan kilomita, ko ƙoƙon shayi a tafin hannunsa, hasken yana fitowa ne daga wuri guda. Karkatar idanu tana bin abin da ake nunawa, saitin gani kuwa dole ya tsaya a nisan allo, in ba haka ba hoton ya dushe. Ƙwaƙwalwa na iya raba ayyukan biyu na ɗan lokaci, amma da wahala, kuma wannan wahalar ce ke fitowa a matsayin gajiya da ciwon kai.

Likitocin ido suna auna wannan da diyofta, wato a raba 1 da nisan abu a mita. Allon da aka saita a mita 2 yana da diyofta 0.5. Abin da aka nuna a mita 10 yana da 0.1, saɓaninsa da allon 0.4 ne kawai, ido ba ya damuwa. Abin da ke can iyakar gani saɓaninsa bai wuce 0.5 ba. Amma takardar da aka nuna a santimita 25 tana da diyofta 4, saɓanin ya zama 3.5. Lissafin ya nuna dalilin da ya sa kallon fili ko tsauni a VR yake da sauƙi, karanta rubutu a hannu ko koyon ɗinkin rauni kuma yake gajiyarwa. Abin takaici, ayyukan koyarwa da aka fi sa rai a kansu, irin su tiyata da gyaran inji, a nisan hannu ake yin su.

A 2008 David Hoffman, Martin Banks da abokan aikinsu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa gwajin da ya nuna cewa wannan saɓani shi kaɗai yana haifar da gajiya kuma yana rage saurin haɗa hotunan idanu biyu. A 2011 Takashi Shibata da rukunin nan suka fitar da iyakokin da ido ke jurewa cikin sauƙi, wanda bai fi kusan rabin diyofta ta kowane ɓangare ba. A kan irin wannan bincike ne kamfanoni suka gina shawararsu ga masu rubuta manhaja. Oculus, alal misali, ya shawarce su da su ajiye abin da za a daɗe ana kallo tsakanin santimita 75 da mita 3.5.

Shekaru suna da tasiri a nan ta hanyar da ba a zata ba. Daga wajen shekara 40 ruwan tabarau na ido yana taurara, shi ya sa dattawa ke nisanta takarda ko su nemi gilashin karatu. Wanda saitin ganinsa ya riga ya raunana ba ya jin saɓanin sosai, har ma yakan ga abu na kusa a VR fiye da yadda yake ganinsa a zahiri, tunda hasken daga mita biyu yake zuwa. Matasa, masu ƙarfin saitin gani, su ne abin ya fi shafa.

Hanyoyin da ake gwadawa

Hanya ta farko ita ce a sa nisan allon ya riƙa bin ido. Ƙananan kyamarori suna duba inda idanu suka haɗu, sai na'urar ta matsar da allon gaba ko baya. Sashen bincike na Oculus ya nuna samfuri mai suna Half Dome a 2018 wanda ke motsa allon da ƙananan injina. A 2019 suka nuna na uku a jerin, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa: jerin siraran ruwan tabarau ne da wutar lantarki ke kunnawa da kashewa, suna ba da nisa iri 64. A 2023 kamfanin, wanda a lokacin ya koma Meta, ya nuna wani samfurin mai suna Butterscotch Varifocal. Cikas ɗin wannan hanya shi ne dole bibiyar ido ta yi daidai ga kowa, har da mai gilashi, mai dogon gashin ido da mai kwalli, kuma kuskure kaɗan yana jefa saitin inda bai dace ba. Haka kuma sai kwamfuta ta ƙirƙiri dushewar abubuwan da ido bai sa wa hankali ba, domin a zahiri idan an kalli yatsa, bangon da ke bayansa yana dushewa.

Hanya ta biyu ita ce a jera nisa biyu ko fiye. Magic Leap One, tabarau mai ɗora hoto a kan abin da ake gani a zahiri da ya fito a 2018, yana da nisa biyu, na kusa da na nesa. Masu amfani sun riƙa lura da tsallen da hoton ke yi tsakaninsu, kuma a samfurin da ya biyo baya kamfanin ya koma nisa ɗaya.

Hanya ta uku ta fi buri: a sake gina hasken yadda zai fito daga abu na gaske, ta yadda ido zai saita kansa inda ya ga dama. Douglas Lanman da David Luebke na kamfanin Nvidia sun nuna irin wannan a 2013 ta hanyar shimfiɗa ƙananan ruwan tabarau masu yawa a kan allo, rukunin Gordon Wetzstein na Jami'ar Stanford kuma ya nuna wani a 2015 da allo biyu a jere. Farashinta shi ne ƙarancin kaifin hoto, domin ɗigogi da yawa ake kashewa don fitar da ɗigo ɗaya, ga kuma nauyin lissafi. Manyan na'urorin da ake sayarwa, har da Apple Vision Pro da ya fito a Fabrairun 2024 a kan dala 3,499, duk nisa guda suke da shi.

Jinkiri da jirwayen hoto

Can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke jin juyawar kai. Suna aika saƙo kai tsaye ga tsokokin ido, sai idanu su juya akasin kai cikin kusan milisakan 10, wato kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa. Wannan ne ke sa mutum ya iya girgiza kai yana karanta rubutu ba tare da rubutun ya motsa ba. Idan hoton VR ya makara, duniyar da ake gani sai ta riƙa lilo kamar tana bin kai sannan ta dawo. Wanda ya juya kai da saurin digiri 100 a daƙiƙa, wanda ba wani sauri ba ne, a na'ura mai jinkirin milisakan 50, zai ga komai ya goce da digiri 5. John Carmack, wanda ya zama shugaban fasaha na Oculus a 2013, ya yaɗa ƙa'idar cewa jinkirin daga motsin kai zuwa fitowar haske kada ya wuce milisakan 20.

An kai ga haka ta hanyoyi da dama. An ƙara yawan sabunta hoto: Oculus Rift da HTC Vive na 2016 suna sabuntawa sau 90 a daƙiƙa, Valve Index na 2019 yana kaiwa sau 144. An kuma ƙirƙiro dabarar gyara hoton da aka riga aka zana, a karkatar da shi daidai da inda kai ya kai a daƙiƙar ƙarshe kafin a nuna shi. Idan kwamfuta ta gaza kammala sabon hoto a kan lokaci, tsohon ake gyarawa a nuna.

Akwai wata matsalar da ba a gane ta da wuri ba. Allon waya ko talabijin yana barin kowane hoto a kunne har sai na gaba ya zo. A allo mai sabuntawa sau 60, hoto yana tsayawa kusan milisakan 17. Idan kai yana juyawa ido kuma yana bin wani abu, hoton da ya tsaya cak yana gogewa a tantanin ido ya bar jirwaye. A saurin digiri 100 a daƙiƙa jirwayen ya kai digiri 1.7, fiye da ninki uku na faɗin cikakken wata a sama. Michael Abrash, lokacin yana Valve, ya yi bayanin wannan dalla-dalla a 2013. Maganin shi ne a haska hoton na milisakan biyu ko ƙasa da haka, sauran lokacin allon ya zama baƙi. Samfurin Oculus na biyu na 2014 ya zo da wannan, kuma yana cikin gyare-gyaren da suka fi rage tashin zuciya. Sai dai yana rage haske, kuma idan sabuntawar ba ta da yawa wasu suna ganin allon yana ƙiftawa, musamman ta gefen ido.

Tazarar idanu da ruwan tabarau

Tazarar da ke tsakanin tsakiyar idanu biyu ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Matsakaicinta a manya kusan milimita 63 ne, mafi yawan mutane suna tsakanin 50 da 75, mata sukan yi ƙasa da maza kaɗan, yara kuma ƙasa da haka. Ruwan tabarau yana da wuri ɗaya a tsakiya inda hoto ya fi fitowa. Idan ido bai daidaita da wurin ba, hoton ya dushe, girman abubuwa ya sauya, idanu kuma su tilasta wa kansu karkatar da ba su saba ba. Karkata waje ita ce mafi muni, domin ido bai iya ta ba sai kaɗan.

Wasu na'urori, irin su Oculus Go da Rift S, ba a iya matsar da ruwan tabaraunsu. Quest 2 na 2020 yana da matsayi uku: milimita 58, 63 da 68. Quest 3 na 2023 yana da ɗan abin murzawa da ke ba da kowane matsayi a tsakani, Vision Pro kuma yana auna idanun ya daidaita kansa. Wani bincike da Kay Stanney da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya gano cewa yawan rashin lafiyar da ake jingina wa mata a VR yana da alaƙa da na'urorin da ba su dace da tazarar idanunsu ba. Da tazarar ta dace, bambancin ya ragu ainun. Gyara ne mai arha idan aka kwatanta da sauran, amma shi masu amfani suka fi mantawa, musamman inda mutane da yawa ke karɓa-karɓa da na'ura ɗaya.

Irin ruwan tabarau shi ma yana da tasiri. Na'urorin 2016 zuwa 2020 sun dogara da samfurin Fresnel, mai zobba-zobba, wanda Bafaranshe Augustin-Jean Fresnel ya ƙirƙira wa fitilun gaɓar teku a shekarun 1820. Ba shi da nauyi, amma farin rubutu a kan baƙi yana fitar da tartsatsin haske, kuma gefensa ba ya fita sosai, dole mai kallo ya juya kai maimakon ido. Sabon samfurin da ke cikin Quest 3 da Vision Pro yana naɗe hanyar hasken a tsakanin gilasai, sai na'urar ta yi siriri hoton kuma ya fita kusan har gefe. Aibinsa shi ne yana cinye mafi yawan hasken allon, don haka yana buƙatar allo mai ƙarfi, wanda ke jawo zafi da shan batir.

Game da kaifi, ido mai lafiya yana rarrabe kusan ɗigo 60 a kowane digiri. Samfurin Oculus na 2013 yana da ɗigo 640 a kwance da 800 a tsaye ga kowane ido, har ana ganin layukan da ke tsakanin ɗigogin kamar ana kallo ta gidan sauro. Quest 2 yana da kusan ɗigo 20 a digiri, Quest 3 kusan 25. Vision Pro yana da ɗigo miliyan 23 a alluna biyu. Don rage wa kwamfuta nauyi, na'urori irin su PlayStation VR2 na 2023 suna zana inda ido ke kallo da cikakken kaifi, su sassauta a gefe.

Motsin da jiki bai yi ba

Ko da allon ya cika kowane sharaɗi, abin da ake nunawa yana iya tayar da zuciya. Fasinjan da ya sunkuyar da kai yana duba waya a motar da ke ratsa dajin Falgore tsakanin Tudun Wada da Doguwa yakan ji jiri, saboda kunnensa yana jin kwana da gargada amma idonsa yana ganin abin da ba ya motsi. A VR akasin haka ne: ido yana ganin gudu da juyi, kunne yana cewa mutum a zaune yake. James Reason da Joseph Brand sun bayyana wannan ra'ayi na saɓanin gaɓoɓin ji a littafinsu na 1975, kuma shi aka fi karɓa har yau.

Nan aikin na masu tsara manhaja ne. Maimakon tafiya a hankali, wasanni da yawa suna barin mutum ya nuna wuri ya bayyana a can kai tsaye. Juyi ana yin sa tsalle-tsalle, misali digiri 30 ko 45 a lokaci guda. A 2016 Ajoy Fernandes da Steven Feiner na Jami'ar Columbia sun nuna cewa duhunta gefen hoto a hankali yayin motsi yana rage rashin lafiya, sau da yawa ba tare da mai kallo ya lura ba, tunda gefen ido ne ya fi jin motsi. Abin da ke tsaye a gaban mai kallo, kamar sitiyari da gilashin mota, shi ma yana taimakawa. Masu bincike a Jami'ar Purdue sun gwada zana hanci a tsakiyar hoton a 2015, suka ga mutane sun ɗan ƙara jurewa. Gudu mai ɗorewa a miƙe bai kai tashi da birki illa ba.

A Najeriya

A Legas ne aka fara ganin cibiyoyin wannan fasaha, ciki har da Imisi 3D da Judith Okonkwo ta kafa a 2016. Fina-finan VR na Najeriya da suka fi shahara a Arewa aka ɗauke su. Joel Kachi Benson ya yi In Bakassi a 2018 a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a Maiduguri, sannan Daughters of Chibok, wanda ya ci kyautar labarin VR mafi kyau a bikin fina-finai na Venice a 2019. Irin waɗannan fina-finai masu nuna kowane ɓangare gajeru ne, kuma ƙa'idar masu ɗaukarsu ita ce a kafa kyamara wuri ɗaya a miƙe, domin kyamarar da ke yawo ko ta karkace tana sa mai kallo jiri nan take.

Abin da ya fi sauƙin samu ga ɗalibi shi ne akwatin kwali ko na roba da ake zura waya a ciki, irin Google Cardboard na 2014 da ire-irensa. Kusan duk matsalolin da aka ambata suna taruwa a cikinsa. Wayoyi da yawa sau 60 suke sabunta hoto kuma ba sa kashe shi a tsakani, jinkirinsu yana da yawa, kuma juyawar kai kaɗai suke ji: idan mutum ya matsa gaba ko gefe, hoton ba ya sauyawa. Wanda ya gwada irin wannan ya ji ba daɗi bai kamata ya yanke hukunci a kan fasahar duka ba, kuma makarantar da za ta yi amfani da shi gara ta taƙaita ga kallon minti kaɗan a zaune.

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara nasa. Ruwan tabarau yana tattara hasken rana kamar gilashin kunna wuta, kuma ɗan lokaci kaɗan a rana ya isa ya ƙona allon ya bar tabon da ba ya gyaruwa, ko da na'urar a kashe take. A bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a Kano, gumi yana sa gilashin ya yi hazo. Ƙurar hunturu tana karce shi idan aka goge ba a fara kakkaɓewa ba, ga shi lokacin ne ido ya fi bushewa, kuma mai kallon allo yakan rage ƙifta ido. Inda ake karɓa-karɓa, soson da ke taɓa fuska yana iya ɗaukar cutar jan ido da ake kira afolo daga wani zuwa wani. Murfin roba da ake gogewa ya fi soso tsafta.

Gilashin ido, yara da hutu

Tunda hoton yana nisan kusan mita biyu, wanda ba ya ganin nesa sai da gilashi yana buƙatar gilashinsa a cikin na'urar, duk da cewa allon yana dab da idonsa. Gilashin karatu kuwa ba shi da amfani a ciki. Wasu na'urori suna da abin ƙara sarari don gilashi, wasu ana maƙala musu ruwan tabarau na musamman, kamar waɗanda kamfanin Zeiss ke yi wa Vision Pro. Masu gwajin ido suna auna tazarar idanu cikin ɗan lokaci yayin yanka gilashi, a wurare irin su Asibitin Ido na ECWA da ke Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Mai harara-garke ko wanda ido ɗaya ya fi rauni sosai ba lallai ya ga zurfin hoton ba, kuma gani biyu-biyu da ya ci gaba bayan an cire na'urar dalili ne na zuwa asibiti.

Nauyi ma yana shiga lissafi. Quest 2 giram 503 ne, Quest 3 giram 515, Vision Pro na farko ya haura 600, kuma yawancin nauyin a gaba yake. Idan maɗaurin bai riƙe da kyau ba, na'urar tana zamewa ƙasa ido ya fita daga tsakiyar ruwan tabarau. Maɗauri mai tauri da ke da nauyi a ƙeya yana rage wannan.

Kamfanoni sun sa iyakar shekaru. Sony ya ce na'urarsa ba ta 'yan ƙasa da shekara 12 ba ce, Apple ya ce 13, Meta kuma ya sauko daga 13 zuwa 10 a 2023 bisa kulawar iyaye. Dalilan sun haɗa da ƙanƙantar tazarar idanun yara da kuma cewa ganinsu bai gama ginuwa ba. A ɗaya ɓangaren, likitoci suna amfani da ikon na'urar na nuna wa kowane ido hoto dabam wajen magani: a Oktoban 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar Luminopia don jinyar raunin ido ɗaya a yara 'yan shekara 4 zuwa 7.

Takardun gargaɗi na Oculus sun shawarci a huta minti 10 zuwa 15 bayan kowane minti 30, a kuma cire na'urar da zarar an fara jin alama, domin dagewa yana ƙara tsananta ta kuma tana iya ɗaukar awoyi kafin ta wuce. Sun kuma hana tuƙi ko aiki da inji har sai jiki ya dawo daidai. Kimanin mutum 1 cikin 4,000 yana iya samun farfaɗiya daga haske mai walƙiya, ko da bai taɓa yi ba, don haka ana shawartar mai tarihin farfaɗiya ya ga likita kafin ya gwada.